Me ya sa aka hana talaka sayen kiriyosot a Turai?

Malam, ka tambaya dalilin da ya sa ba a sayar wa mutum kiriyosot ya shafa wa katakon gidansa a Turai, alhali ana shafa shi a turakun wutar lantarki.

Wannan baƙin man daga kwaltar gawayin ƙasa ake tace shi, kuma gaskiya yana aiki: gara da ruɓa ba sa kusantar itacen da ya sha shi. Matsalar ita ce sinadaran da ke cikinsa na iya jawo ciwon daji, musamman na fata. Shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta sayar da shi ga jama'a tun 2003. Daga 2023 kuma an ƙara tsuke dokar, sai katakon shimfiɗar layin dogo da turakun lantarki da na waya kawai, a hannun ƙwararru. A Amurka ma sai mai lasisi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin turakun nan. In rana ta yi zafi za ka ga baƙin mai na tsatsafowa, yana warin kwalta. Don Allah kada a faskara su a yi girki, kada kuma a yi wa yara benci ko dabbobi komi da su.