Tambaya da Amsa: Na sa sabon koyil a tsohon injin kwale-kwale amma ya ƙi zama lafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina da tsohon injin kwale-kwale Evinrude mai fulogi biyu, na gada wajen mahaifina, irin mai kwantak ɗin nan ne. Ya fara ɗauke wuta, bakanike yace koyil ne, na aika Anacha aka sayo min sababbi guda biyu, amma tunda aka ɗaura in ana jan igiya sai ka ji wani abu yana gurza a ƙarƙashin filawil, kuma in ya tashi ya yi zafi sai fulogi ɗaya ya mutu. Jabu aka sayar min ko injin ne ya gama? Daga mai karatu a Yawuri.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan baba. Injin bai gama ba insha Allahu, kar ka bari wani ya saye shi a kuɗin gwangwan. Irin wannan tsarin wutar mai kwantak, wato ƙananan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa su sa fulogi ya ba da wuta, kamfanin OMC ya sa shi a ƙananan injinan Johnson da Evinrude tun wajen shekarun 1950 har cikin 1970, kuma bakanikenka yana da gaskiya, koyil ɗin asali, wato naɗin wayar da ke samar wa fulogi wuta, in ya tsufa robar jikinsa tsattsagewa take yi, wuta ta riƙa tsallakewa ta nan, laima ta shiga. Matsalar ita ce OMC ya karye a 2000, waɗanda suka gaji sashen injinansa wato kamfanin BRP su ma sun daina ƙera Evinrude a 2020, shi yasa yawancin abin da ke kasuwa yanzu na wasu kamfanoni ne, akwai mai kyau akwai na banza, kuma duk kwalinsu ya yi kyau.

Amma gurzar nan da kake ji ita nake so mu tsaya a kai, don sau da yawa laifin ɗauri ne. Koyil ɗin yana da ƙafafu na siraran ƙarfe da aka jera, su ne maganaɗisun cikin filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji, yake wucewa ta gabansu, kuma ramin kusoshin yana da ɗan wasa, zaka iya tura shi waje ko ciki. In ya fito waje da yawa filawil ya ci shi, in ya shige ciki wuta ta yi rauni inji ya yi wuyar tashi. A jikin farantin da yake zaune akwai wata 'yar gaɓa da aka goge sumul, bakin ƙafar koyil dole ya yi daidai da ita, ka bi da farce ka ji babu tudu babu kwari sannan a ɗaure. Ka ce a cire filawil ka duba da idonka, in ka ga bakin ƙarfen ya yi ƙyalli ko garin ƙarfe ya manne a maganaɗisu toh nan ne yake gurza. Idan an yi duk dabara ya ƙi daidaita, ko sai an tanƙwara kusa kafin ta shiga, koyil ɗin ne ba a yanka shi daidai ba, ka mayar. Ni dai bana goyon bayan masu sa shi a dutsen wasa, wlh ɓata lokaci ne, wanda bai iya yanka ƙarfe daidai ba ba zan yarda da wayar da ya naɗa a ciki ba.

Mutuwar fulogi ɗaya in ya yi zafi kuwa, ko dai naɗin cikin koyil ne yake rabuwa da zafi ko kwandansa ce, wato ƙaramar na'urar da ke haɗe da kwantak, ita ma haka take yi kuma ta fi arha. Ku musanya kwandansar fulogin sama da ta fulogin ƙasa, in matsalar ta bi ta kun gano, in ta tsaya inda take sai a musanya koyil. Mitar gwajin wuta tana nuna maka koyil ɗin da ya tsinke gaba ɗaya amma mai mutuwa da zafi sai ya nuna lafiya lau yana sanyi, don haka gwajin gaskiya shine wutar ta tsallake tazarar kamar milimita 6, shuɗiya mai ƙara tas, da sanyi da kuma bayan ya yi aiki. Tazarar kwantak 0.020 na inci ce, kusan rabin milimita. Wayar fulogi ta zama mai jan ƙarfe a ciki, banda ta mota mai baƙin zare, a tura ta sosai har tsinken cikin koyil ya soke tsakiyarta. Kuma dan Allah a cire filawil da fula, wato ƙarfen da aka yi don zaro shi, kar a bi shi da guduma, a duba ɗan ƙarfen da ke kulle filawil a kan shaf, wato sandar da yake zaune a kai, ko ya yanke.

TAMBAYA: Malam nawa Yamaha 40 ne mai CDI, wani yace koyil ɗin babur zai yi aiki a kai. Gaskiya ne? Daga Lokoja.

AMSA: Zai iya kawo wuta a bakin ruwa, amma ban baka shawara ba, ba da lissafin CDI ɗinka, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa wutar fulogi, aka naɗa shi ba kuma CDI ya fi koyil tsada in ya lalace, ga shi kai mutane kake ɗauka a tsakiyar kogi. Ka kwafi lambar da ke jikin ƙarfen da ake maƙala injin a jirgi, ka tafi da ita tare da tsohon koyil ɗin, a ɗora su kusa da juna a duba ramin kusa da tsawon waya da kalar wayoyi. In ka samu orijina na hannu da aka ciro a wani injin kuma ba tsaga a jikinsa, ni shi zan ɗauka kafin sabo marar suna. Sannan kar ka ja igiya wayar fulogi tana lilo a iska, ka haɗa ta da jikin inji tukuna.