Na gaji da tuƙin jirgin sama, shin in ajiye aikin?

Tambaya: Assalamu alaikum Kyaftin. Ni mataimakin matuƙi ne a wani kamfanin jiragen sama na cikin gida, ina tuƙa Boeing 737. Tun ina yaro babu abin da nake so kamar wannan aiki, har sai da mahaifina ya sayar da fili ya biya mini kuɗin horo. Yanzu kuwa idan na ga jadawalin aiki gabana faɗuwa yake. Barci ba ya isata, albashi yakan yi jinkiri, 'ya'yana sun saba da rashina, ƙarin girma kuma shiru. Ina tunanin ajiye aikin in kama kasuwanci, amma ina jin nauyin iyayena. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Da farko ka cire wa kanka tunanin cewa butulci kake yi. Jama'a farar riga da igiyoyin kafaɗa suke gani, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matuƙa da yawa sun shiga wannan hali, sai dai ba kasafai suke faɗa ba.

Na karanta wasiƙarka da kyau, kuma ban ga inda ka ce ka daina son tuƙi ba. Ka ambaci barci, albashi, iyali da ƙarin girma. Duk waɗannan matsalolin wurin aiki ne. Don haka abin da za ka fara tantancewa shi ne: idan ka tayar da jirgi ya bar ƙasa, har yanzu kana jin daɗi, ko shi ma ya zame maka nauyi? In har daɗin yana nan, to kamfani ko nau'in aiki za ka sauya, ba sana'a ba.

Bari in daɗe a kan gajiya, domin ita ce ta fi damuna. A dokar Turai ba a yarda matuƙi ya wuce awa 100 a sama cikin kwana 28 ba, ko awa 900 a shekara, kuma yawancin ƙasashe suna da iyaka mai kama da wannan. Amma awannin sama kaɗai ake ƙirgawa a wannan lissafi. Tashin asuba yau, dawowar dare gobe, zaman jira a filin jirgin Kano lokacin da hazo ya rufe gari, cunkoson Legas kafin ka kai masauki, duk jikinka ne yake biya. A watan Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo a Amurka, mutum 50 suka rasu. Bincike ya nuna mataimakiyar matuƙin ta kwana tana tafiya daga birnin Seattle da ke can ɗaya ƙarshen ƙasar don ta iso wurin aiki, kuma batun gajiya da ƙarancin albashi da ya fito fili ya sa Amurka ta sake dokokin hutun matuƙa. Saboda haka ranar da ka ji ba ka da ƙarfin tashi, ka faɗa a rubuce, doka ta ba ka wannan dama. Kuma kada ka rubuta takardar ajiye aiki a makon da ba ka yi barci ba. Ɗauki hutunka na shekara gaba ɗaya, ka yi barci ya ishe ka, sannan ka sake duba lamarin.

Idan bayan hutun baƙin cikin bai tafi ba, abinci ba ya maka daɗi, ka daina son shiga mutane, to magana ta koma ta lafiya. Na san tsoron da ke zuciyar kowane matuƙi: kada likita ya riƙe takardar lafiya, lasisi ya tsaya. Wannan tsoro ne yake sa mutane ɓoye ciwo har ya yi ƙarfi. Bayan hatsarin jirgin kamfanin Germanwings na Jamus a 2015, wanda mataimakin matuƙi da ya ɓoye rashin lafiyarsa ya kayar da gangan, Turai ta wajabta wa kamfanoni su samar da tsarin da matuƙi zai kai kukansa ga 'yan'uwansa matuƙa a asirce. Ka nemi likitan da ya san harkar jiragen sama, ka faɗa masa gaskiya. Mutane da dama sun huta, sun yi magani, sun dawo bakin aiki.

Hanyoyin da ke tsakanin zama da fita suna da yawa. Akwai jiragen dakon kaya, akwai ƙananan jiragen haya na kamfanoni da attajirai, duk da cewa a nan wayarka ba ta hutawa. Akwai koyarwa, ko a na'urar kwaikwayon tuƙi ko a makaranta irin Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama a Najeriya tana buƙatar masu sa ido da suka taɓa zama a kujerar matuƙi, haka ma NSIB mai binciken hatsari. Kamfanonin ƙasashen Larabawa sun fi biya, amma su ma aikin dare ya yi musu yawa, kuma iyalinka za su ƙara nisa da dangi. Ka sani kuma, a kamfanoni da yawa layin ƙarin girma da ranar shigarka yake tafiya, in ka sauya wuri za ka iya komawa baya.

A ganina, in ba lafiyarka ce ta hana ba, ka daure ka cika awa 1,500 ka karɓi babban lasisi na ATPL idan ba ka riga ka samu ba. Da shi kusan duk ƙofofin da na ambata suke buɗuwa. In kuma ka fita, kada ka bar takardunka su mutu. Wanda bai yi tashi da sauka uku cikin kwana 90 ba, ba zai ɗauki fasinja ba sai ya sabunta, kuma idan aka daɗe, sake horo a kan 737 da dala ake biya.

Kasuwancin da kake tunani ba laifi ba ne, hasali ma ina ƙarfafa maka gwiwa ka fara shi tun kana aiki. Sana'armu ba ta da tabbas. An rufe Nigeria Airways a 2003, ma'aikatansa suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu. A 2020 korona ta zaunar da dubban matuƙa a gida. Ko babu wannan, gwajin lafiya guda zai iya tsayar da mutum, kuma a shekara 65 dole a sauka daga jigilar fasinja tsakanin ƙasashe. Ka fara da kaɗan, ka ga ko zai riƙe gida, kada ka saki reshe ka kama ganye.

Kafin komai, ɗauko takardar yarjejeniyar aikinka ka duba ko kamfanin ya ɗaure ka da bashin horo, domin wasu sai sun miƙa takardar barin aiki suke jin adadin da ake bin su. Nuna wa lauya ko ƙungiyarku ta matuƙa da injiniyoyin jirgin sama, wato NAAPE. Sannan ka je ka zauna da Baba, kai da shi kawai, ka faɗa masa yadda kwanakinka suke tafiya, tun kafin ya ji labarin a bakin wani.