Tambaya da Amsa: Wai ta yaya buga golf ke tara wa asibiti kuɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Katsina, kayan gini nake sayarwa, kwanaki wasu abokan hulɗata suka kawo min takarda wai za su shirya gasar golf don a tara wa wani asibiti kuɗi, suna so in sa hannu a kafa allon shagona a filin. Ni dai ban gane ba, mi ya haɗa buga ƙwallo da magani? Kuma anya ba caca ba ce? Daga mai karatu a Ƙofar Ƙaura.

AMSA: Wa'alaikumussalam Alhaji. Ai ƙwallon ba ita ke kawo kuɗin ba, masu buga ta ne. Cikakken filin golf rami 18 ne, ana tafiya mutum huɗu-huɗu, kowa na bugun 'yar ƙwallonsa da sanda har ta faɗa rami, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci, kuma zagayen kan ci wajen awa huɗu. To ka duba su wa ke wannan tattakin, manajan banki ne da ɗan kwangila da babban ma'aikaci, mutanen da in ka je ofis sai ka wuni a benci ba ka gan su ba, ga su nan a fili suna hira ba sakatare ba ɗan sanda a ƙofa. Mu nan Katsina abin ba baƙo ba ne, tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo filin folo ke haɗa manya, dawaki ne kawai babu a wannan.

Kuɗin na shigowa ta rajistar 'yan wasa, da sayar wa kamfanoni ramukan ɗaya bayan ɗaya a kafa allonsu, wato abin da aka yi maka tayi kenan, sai liyafar dare inda ake gwanjon kaya ana kiran gudummawa a lasifika.

Amma Alhaji inda zan ja kunnenka shi ne, abin da aka tara daban, abin da ya isa asibiti daban. Za a biya fili, a ɗinka riguna da huluna, a sayi kofin da za a ba wanda ya ci, a dafa abinci, a sallami yaran da ke ɗaukar jakar sanduna, ga mai gabatarwa, ga 'yan jarida, kafin ka ankara an ci rabi, sannan ka san halin alkawarin gidauniya, mutum ya miƙe ya ambaci miliyan a yi tafi, bayan wata uku wayarsa ba ta shiga. Don haka kafin ka zaro ko sisi ka ce su nuna maka takarda daga shugaban asibitin cewa da saninsa ake yi, ka tambaya mi takamaimai za a saya, sola ce ta ɗakin haihuwa ko injin oksijin ko firjin ajiye jini, kuma asusun na kwamiti ne mai sa hannun mutum biyu ko uku, ko na wani ne shi kaɗai. In suka fara kame-kame ka san inda aka dosa.

Batun caca kuwa, abin dubawa shi ne daga ina kyautar wanda ya ci ke fitowa. In wani kamfani ne daga gefe ya ba da ita, kuɗin rajista kuma duk ya tafi asibiti, wannan da sauƙi, amma in kuɗin 'yan wasan ne ake tarawa wanda ya ci ya kwashe, to a nan malamai ke da magana, ka kai wa malaminka takardar ya duba. Kuma kada ka lissafa kuɗin allon a zakkarka fa, talla ka saya, masu cin zakka takwas ne a aya ta 60 ta Suratut Tauba.

Ni da ni ne, zan ce a kafa allon amma in sayi kayan da kaina, tunda kayan gini ne sana'arka ka tambaya ko akwai ɗakin da ke yoyo ka kai kwano da siminti.