Me ya haɗa Turkiyya da Kurdawan Siriya faɗa?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Don Allah ni abin nan ya ɗaure min kai, yaƙin basasa na Siriya ne, to me ya kai sojan Turkiyya ciki har suka yi ta ruwan bama-bamai kan Kurdawa?

AMSA: Yawwa ɗan'uwa, tsohuwar gaba ce. Tun 1984 ƙungiyar 'yan tawayen Kurdawa, wato PKK ta Abdullah Ocalan, ta ɗau makami a cikin Turkiyya, kuma ita gwamnatin Turkiyya gani take mayaƙan Kurdawa na YPG da ke arewacin Siriya ai PKK ɗin ce kawai ta sauya riga. Da yaƙi ya ci ƙarfin Assad, shugaban Siriya na lokacin, a 2012 sojojinsa suka janye daga yankunan Kurdawa, YPG ta karɓe, sai ga ta a bakin iyakar Turkiyya.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne Amurka, don ita ta mara wa YPG baya da jirage a Kobani lokacin da ISIS ta yi wa garin ƙawanya a 2014, daga baya aka kafa SDF, wato haɗakar mayaƙa ƙarƙashin jagorancin YPG, a 2015, su ne ma suka ƙwato birnin Raqqa daga hannun ISIS a 2017, to ka ga Turkiyya tana NATO tare da Amurka amma a lokacin ƙawarta na ba abokan gabarta bindigogi, dole ranta ya ɓaci.

Sai Turkiyya ta shiga Siriya da kanta. A 2018 ta kama Afrin, a Oktoban 2019 kuma da Trump ya janye sojojinsa daga iyaka ta ƙwace Tal Abyad da Ras al-Ain. Ni dai a ganina farar hula ne suka fi jin jiki, dubban iyalai sun bar gidajensu a Afrin kaɗai.