Ku Tambaya Mu Amsa: Tunda muna da kwal, me ya hana mu samu wuta da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Maraɗi, tun da Najeriya ta yanke mana wuta a 2023 nake ta wannan tunanin, ance akwai kwal jibge a Salkadamna ta jihar Tawa, to me ya hana a ƙona shi kowa ya huta? Ko tsada ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ai Nijar ta daɗe tana yi, kamfanin SONICHAR yana da tasha a Anu Araren kusa da Cirozerin tun farkon shekarun 1980, injina biyu ne, duka-duka ba su kai megawat 40 ba, kuma don ma'adinan uraniyom na Arlit aka gina ta, sai Agadas da Cirozerin suka samu rabo.

Yadda abin yake, ana haƙo kwal ɗin a farfasa shi a zuba a wuta ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunya, ruwa ya tafasa ya zama tururi mai ƙarfin tsiya, tururin ya bugi farfelar inji, inji ya juya janareto, shikenan wuta ta fito. Amma fa wajen kashi ɗaya cikin uku na zafin ne kawai yake zama lantarki, sauran duk ya bi iska da ruwan sanyaya inji.

Toh maganar tsada, nan gizo ke saƙa. Kwal ɗin kansa yana da araha in tashar tana bakin rami, shi ya sa ta Anu Araren take zaune gefen mahaƙar, da a ce tirela ce za ta riƙa jigilarsa da ribar ta ƙare a kuɗin gas. Ginin ne ke cinye dukiya, ga ruwa da ake buƙata dare da rana kuma kai ma ka san yadda ruwa yake a arewacin ƙasar nan, ga toka tsibi-tsibi da sai an nemar mata wurin zubarwa, ga hayaƙi da ke shiga ƙirjin mutanen da ke zaune kusa, wannan kam yana damuna ƙwarai don talaka ne ke shaƙarsa. Sannan tukunya ba a yi mata wasa da gyara, Najeriya ta buɗe tashar Oji River kusa da Inugu a 1956, yau ko fitila ɗaya ba ta kunnawa.

Salkadamna kuwa abin da ya fi riƙe ta kuɗi ne. Manyan bankunan duniya sun ja baya da ba da bashin aikin kwal, ita ma Sin da ake sa rai da ita ta sanar a 2021 cewa ta daina gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje. Ko yau aka samu kuɗin, ginin sai ya ci shekaru, bayan nan kuma a ja manyan wayoyi daga Tawa har su iso shagonka.