Me ya sa ƙauyen ƙuruciya yake ƙanƙancewa a ido?

Ka tambayi dalilin da ya sa da ka koma ƙauyen da ka tashi bayan shekaru masu yawa, ka tarar da rafi da gona da bishiyar da kake tunawa duk sun ƙanƙance. Galibi wurin yana nan yadda yake, kai ne ka girma. Yaro ɗan shekara 5 tsayinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, saboda haka komai daga ƙasa yake hango shi, ƙwaƙwalwa kuma da wannan ma'aunin take adana abin da ya gani, ba ta gyara shi yayin da jiki yake ƙara tsawo.

Sai dai akwai sharaɗi guda da na gani da idona. Da na koma namu ƙauyen, hanyar gona da nake ɗauka tafiyar rabin yini ce ta zama ta minti 20, wannan kam ƙafata ce ta ƙara tsawo. Amma rafin da muke wanka a ciki ya janye da gaske, domin yashi ya cike gefensa. Kafin ka zargi tunaninka, ka tambayi dattijon da ya san wurin tun a wancan lokacin yana babba.