Amsa ga mai tambaya kan siffar kan harsashin .22

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce bindigarka ta .22 LR (mai ƙaramin harsashi) tana tara harsasai huɗu wuri guda a mita 50, na biyar ya ɓalle, kuma wani ya ce maka laifin zagayayyen kan harsashi ne, ka koma mai shafaffen kai. Wallahi na san wannan ciwon. Ka riƙe numfashi, ka ja kunama a hankali, tutar iska ko motsi ba ta yi ba, ka leƙa madubi sai ga rami can ƙasa a zoben maki takwas na allon da kake harbi. Zoben maki goma kuwa faɗinsa milimita 10.4 ne kacal, babu wurin yafiya. Sai mutum ya fara zargin idonsa da hannunsa, alhali ba su yi komai ba. Abin da ya fi ƙona rai shi ne mai ba da shawarar nan, wanda zai sa ka kwashi kwali goma bai taɓa ganin bututun bindigarka ba. Irinsu ba sa tambayar lambar rukunin harsashi (waɗanda kamfani ya ƙera a zubi ɗaya), ba sa tambayar gudunsa, siffar kai kawai suka riƙe.

Duba dai manyan harsasan gasa. Eley Tenex na Ingila shafaffen kai gare shi, da ɗan tsini a tsakiya. Lapua Midas+ da RWS R50 zagayayyu ne. Dukansu darma ce mai giren 40, wato gram 2.6, kuma da dukansu ake cin gasa. Da siffar ce ke yanke hukunci, da tuni ɗaya ta kori ɗaya.

Gudu ya fi siffar kai tasiri nesa ba kusa ba. Harsashin gasa yana fita da kusan mita 320 zuwa 330 a daƙiƙa, ƙasa da gudun sauti, wanda yake mita 343 a zafin digiri 20. Masu rami a kai na farauta yawanci giren 36 ne ko 38, suna fita sama da gudun sauti sannan su faɗo ƙasa da shi a hanya, iska ma ta fi kwasar su. Mutane sai su ɗora wa ramin kan harsashin laifi. Kuma bambancin mita 3 a daƙiƙa tsakanin harsashi da ɗan'uwansa yana iya sauke rami da kusan milimita 2.5 a mita 50, kusan santimita guda a mita 100. In ɓallewar taka sama da ƙasa take yi, nan za ka fara nema.

Inda kan harsashi ke da magana shi ne wajen shiga mazauninsa, wato inda yake zama a gindin bututu kafin a harba. In da magazin kake harbi, loda biyar, ka juya bakin bindiga wurin da ba kowa, ka tura sakata ka fitar da su ba tare da harbi ba, ka duba su a haske. Za ka iya ganin an karce gefe guda, ko darmar ta karkace a bakin kwanso. Shafaffen kai ya fi yawan tuntuɓe a nan, shi ya sa Tenex Pistol ya zo da zagayayye. A matsattsen mazauni na gasa yi a hankali, darmar kan kama tsagar cikin bututu mai juya harsashi, sawun ya kamata ya fito daidai ta kowane gefe. Karkacewar ta fi karcen muni, domin tana taɓa gindin harsashi. Tun 1909 likitan nan na Amurka, Franklin Mann, ya nuna lahanin gindi ya fi na kai ɓata saiti.

Af, yaushe rabonka da goge zoben baƙin da ke taruwa a gaban mazaunin? Shi ma yana jefar da harbi, musamman na farko bayan bindiga ta huce. Don Allah kada ka sa harsashin CCI Stinger a mazaunin gasa, kwansonsa ya fi tsawo.

In za ka gwada, kada ka cakuɗa. Maikon da ke jikin harsashin kowane kamfani daban ne, saboda haka goge bututu, ka harba 15 zuwa 20 kafin ka fara ƙirga. Harba goma-goma sau biyar bindiga na kan matashin jingina guda, da safe kafin iska ta tashi, ka rubuta lambar rukunin da ke jikin kwali. Rukuni biyu na Tenex suna iya bambanta fiye da yadda Tenex da Midas+ suka bambanta. Wanda bututunka ya karɓa, sayi iya ƙarfinka daga wannan lambar kafin ta ƙare. Ka kuma duba sukurorin da suka ɗaure ƙarfen da kota, ka faɗa mana ko da magazin kake lodi ko ɗaya-ɗaya da hannu.